Kingsman na biyu: Tambaya mai nauyi da ƙarar bindiga ta danne

Ma'aikacin da ya baro Abuja ranar Juma'a zuwa Minna, ya biya wurin masu tura fina-finai a Tunga ko Bosso, yana iya cin karo da Kingsman: The Golden Circle. Kafin ya kunna shi a falo, ya kamata ya san abin da ya ɗauko.

Fim ɗin ya fito a Satumbar 2017, ci gaban Kingsman: The Secret Service, kuma Matthew Vaughn ne ya ba da umarnin duka biyun. Poppy Adams, wato Julianne Moore, dillaliyar ƙwaya ce mai maɓoya a dajin Kambodiya. Ta tarwatsa ƙungiyar leƙen asirin Kingsman ta Ingila, abin da ya tilasta wa Eggsy neman agajin takwarorinsu na Statesman a Amurka.

Armashinsa a fili yake. Tseren motar tasi a titunan Landan da aka buɗe da shi ya tsaru, ga raha mai kaifi. Amma ƙashin bayan labarin shi ne siyasa. Poppy ta sa guba a hajarta, ta ce ba za ta saki makari ba sai an halatta ƙwayoyi. Shugaban Amurka na cikin fim ya gwammace mashaya su mutu. Shugabar ma'aikatan fadarsa, wadda nauyin aiki ya jefa cikin shaye-shaye, ita ma aka kulle ta a keji. Shin mashayi mai laifi ne ko majinyaci? Tambayar ba baƙuwa ba ce a Najeriya, inda Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018.

Sai dai fim ɗin ya yi wa kansa illa. Harry Hart, wanda aka harbe a kai a kashi na farko, ya dawo da rai, don haka mutuwa ta daina girgiza mai kallo. An ɗebo Halle Berry da Channing Tatum, aka bar su kusan zaman banza cikin mintuna 141. Wurin da aka cusa mutum a injin niƙa nama, da wani fage na batsa, sun wuce gona da iri.

Babba zai sha kallo, ya kuma sami abin tunani. Amma a bari sai yara sun kwanta.