Gigin Tsufa: Kada A Bar Mai Jinya Ita Kaɗai

Kai maigida na ƙasar Kankiya da Kusada, ka taɓa ganin tsohon da ya fito masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa? Ko tsohuwar da ta gama cin tuwo ta ce an hana ta abinci? Wannan shi ne gigin tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba sammu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da shi. Galibi mace ce ke jinyar, ko 'ya ko matar ɗa.

Abu uku ke hana ta samun taimako.

Na farko, kunya. Ana tsoron a ce akwai hauka a gidan, sai a kulle tsoho a ɗaki. Maƙwabta ba su sani ba, balle su taimaka.

Na biyu, daɗewar ciwon. Ciwon kwana bakwai kowa yakan zo dubiya. Wannan kuwa shekaru yake yi, ƙafa sai ta ɗauke. Da damina maza suna gona, da rani sun tafi ci-rani. Ita ce dare, ita ce rana, har sana'arta ta mutu.

Na uku, rashin sani. Mutane sukan ce tsufa ne kawai, ina amfanin ɓata kuɗin mota?

To, ga abin yi. Ka sanar da mai unguwa da liman da maƙwabta, don in tsoho ya ɓace a dawo da shi. Ka sa takarda mai sunansa da unguwarsa a aljihunsa. A rufe rijiya, a kula da wuta. Kada a ɗaure shi, kada yara su tsokane shi. Ku tara dangi ku raba kwanaki, mai jinya ta sami barci. Wanda ke nesa ya aiko da kuɗi.

Ka kai shi asibitin da ke kusa, ko Babban Asibitin Kankiya. Ba a sami maganin warkewa ba tukuna, amma likita zai duba hawan jini da ciwon suga, don suna ƙara ɓata ƙwaƙwalwa. In ruɗewar farat ɗaya ta zo, ko da zazzaɓi, kada a kwana.

Ka tuna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.