Kantu, jakar allo da kwanon Sallah: Yadda iyalan ma'aikatan Kano ke haɗa kyautar malam da maƙwabci

A unguwannin da ke kewaye da masana'antun Kano, daga Ja'en da ke maƙwabtaka da Sharaɗa, zuwa Panshekara ta ɓangaren Challawa, har Dakata da Kawaji a bayan Bompai, akwai ranakun da uwa ba ta son ɗanta ya fita hannu rabbana. Ranar Laraba akwai kuɗin Laraba na malamin allo. Ranar da yaro ya kai wani babban izu ko ya yi sauka akwai sadaka. Ranar Sallah kuwa kwano ne zai zaga gidajen maƙwabta.

Al'adar tana nan, aljihu ne ya canza. Masaƙu da kamfanoni da dama da suka riƙe waɗannan unguwanni a shekarun 1980 sun rufe, saboda matsalar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga waje. Waɗanda suka rage kuma da yawansu aikin yini suke bayarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin sukari da fulawa da madara ya tashi a Kasuwar Singa, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Turmin atamfa ko shadda yadi biyar don malam ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, sai kyautar ta koma hannun matan gida.

Kantun riɗi ne ya fi sauƙi. A wanke riɗi, a shanya, a soya shi sama-sama ba mai. A narka sukari a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ruwan zuma, a juye riɗin a gauraya da sauri, a shimfiɗa a farantin da aka shafa wa mai. Sirrin yana wurin yanka: tun da ɗuminsa ake sa wuƙa, in ya huce sai dai a fasa. Ba ya buƙatar firji, wanda ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta ke zuwa ta ga dama. Cincin da gullisuwa da dubulan su ma suna daɗewa, sai dai sun fi cin mai ko madara. Alkaki da nakiya aikin ƙwararru ne, wadda ba ta iya ba gara ta bar wa masu shi.

Mai keken ɗinki tana da wata hanyar. Ƙyallayen da tela zai zubar sukan zama jakar allo, ko rigar matashin da malam zai jingina, ko tsumman sauke tukunya ga maƙwabciya. Haka yankakkiyar fatar da ta rage wa dukawa da masu takalma tana isa a ɗinka 'yar jakar carbi.

A nan ne zama kusa da masana'anta ke da haɗarinsa. Challawa da Sharaɗa su ne matattarar manyan majemun Kano, kuma yawancinsu da sinadarin kuromiyam suke jima. Guntayen fata masu ruwan shuɗi-shuɗi da ake gani a juji ba a gama sarrafa su ba, shara ce mai sinadari, ba abin da yaro zai tsinto a yi kyauta da shi ba. Haka robobi da jarkokin da suka fito daga kamfani. Suna da kyau a ido, suna da murfi mai ƙarfi, amma wanki ba ya tabbatar da cewa abin da aka taɓa zubawa ciki ya fita. Sabuwar leda ko kwalbar da tun asali ta abinci ce ta fi dacewa da cincin. Masu haɗa sabulun ruwa su ma su kula: soda tana ƙona fata, kuma zuba sabulun a gorar lemo a gidan da ke da yara neman magana ne.

Sai batun lokaci. Malamin allo ba shi da albashin gwamnati, abin da iyaye suka kawo wani ɓangare ne na abincin gidansa, don haka babu ranar da kyauta za ta zame masa abin kunya. Malamin boko daban ne. Ledar kantu a makon jarrabawa tana iya jawo masa zargi a wurin sauran iyaye, ko da zuciya ɗaya aka bayar. Bayan an raba sakamako, ko ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, babu mai cewa uffan.

Maƙwabci kuwa bai da wannan lissafi. Nasa dai kwanon ne: in an aiko da tuwon Sallah, akan wanke shi a saka wani abu kafin a mayar, ko da yanka huɗu ne na kantu.