TABAR WIWI MAI ƘAMSHIN LEMO: KYAWUN ƊAN MACIJI

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan an daɗe ana yin wata gasa mai suna Cannabis Cup, inda masu noman tabar wiwi kan kawo amfaninsu a zaɓi gwani. A shekarar 1976 ne gwamnatin ƙasar ta sassauta dokarta, har ya zama ana sayar da ganyen kaɗan-kaɗan a wasu shaguna, hukuma ta kau da kai. To, a 2008 da 2009 wani iri mai suna Super Lemon Haze, na kamfanin Green House, shi ya lashe gasar sau biyu a jere. Abin da ya jawo masa suna kuwa shi ne ƙamshi, domin wanda ya shinshina shi sai ya rantse an yanka lemon tsami a kusa.

Wannan iri ba a daji ya tsiro ba, ɗan barbara ne, hannun mutum ya ƙera shi. An same shi ta hanyar haɗa iri biyu, wato Lemon Skunk da Super Silver Haze. Su ma ɗin jikokin wasu iri ne da aka fitar a Kalifoniya ta Amurka wajen shekarun 1970, sa'ad da masu wannan sana'a suka riƙa gauraya wiwin Afganistan, gajere mai yawan danƙo, da na Meziko da Kolombiya, dogo mai siraran ganye. Daga baya aka ƙetare da su zuwa Holan. Mutumin da aka fi dangantawa da fitar da irin, Franco Loja, ya mutu a 2017 sakamakon zazzaɓin cizon sauro da ya kamu da shi a Kwango, inda ya je farautar tsofaffin irin wiwi.

Tsiron dogo ne, furensa kore-kore mai gashi ruwan goro, danƙo ya lulluɓe shi kamar an barbaɗa masa sukari. Ƙamshin kuwa ana danganta shi da wani mai da ake kira limonin, wanda shi ne a cikin ɓawon lemo, shi ake sa wa a sabulu da turare. Amma limonin ba ya bugarwa. Abin da ke juya kai shi ne sinadarin THC, wanda wani masani, Raphael Mechoulam, ya ware a 1964, kuma a cikin danƙon furen tamace ya fi taruwa.

A nan dabarar manoman take. Ba a gona suke shuka ba, sai a rufaffun ɗakuna, ƙarƙashin manyan fitilun lantarki masu maye gurbin rana. Suna raba mata da mazan tsiron, don kada fure ya yi 'ya'ya, ƙarfinsa duka ya tafi ga danƙo. Kowace shekara kuma a zaɓi wanda ya fi ƙarfi a ci gaba da shi. Wannan noma yana shan wuta ainun, har wani bincike na 2012 ya ƙiyasta cewa yana cinye kusan kashi 1 cikin 100 na lantarkin Amurka baki ɗaya.

Sakamakon haka a fili yake. Wiwin da hukuma ta kama a Amurka a 1995, THC ɗinsa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma kafin 2014 ya kai kashi 12. Masu sayar da irin mai ƙamshin lemo kuwa suna tallarsa da cewa ya kai wajen kashi 20. Watau dai sunan ganyen ne bai sake ba, amma abin da ke cikinsa ya ninka.

Mashaya sukan ce yana kawo nishaɗi da yawan surutu da kuzari. Abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba shi ne bushewar baki, da jan ido, da bugun zuciya, da mantuwa, da tsoro marar dalili, har mutum ya ga kamar kowa maganarsa yake yi. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil. An gano cewa wanda ke shan wiwi mai ƙarfi kullum, haɗarin taɓin hankali a kansa ya ninka na wanda bai taɓa sha ba kusan sau 5. A Amsterdam ɗin kanta, masu binciken sun ƙiyasta cewa da babu irin wannan wiwi, da an kauce wa kusan rabin sababbin masu wannan ciwo. Matasa sun fi shiga haɗari, saboda ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turai ne. A Nijeriya an haramta noman wiwi da shansa, akwai ma dokar soja ta 1966 a kan haka, aka kuma kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk da haka binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke sha a ƙasar nan. Daɗin daɗawa, ma'aikatan hukumar sun sha kama wiwi mai ƙarfi da ake kira Loud, wanda ake shigo da shi daga Kanada ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, a ɓoye cikin motoci.

A da, ɗoyin hayaƙin wiwi shi ke tona asirin mai shansa. Yanzu kuwa an sa masa ƙamshin 'ya'yan itace da sunaye masu daɗi, ƙarfinsa kuma ya ƙaru. Saboda haka ya kamata iyaye da malaman makaranta su san cewa hanci kaɗai ba ya isa tsaron yaro. Sai an lura da sakewar halinsa, da barcinsa, da karatunsa, a kuma garzaya da shi asibiti tun kafin abin ya yi nisa.