Fumfunar Da Ke Shiga Huhu: Cutar Da Ke Kama Da Tarin Fuka

Gabatarwa

A shekarar 1905 wani likita Ba'amurke mai suna Samuel Darling yana aiki a ƙasar Fanama, lokacin da ake haƙa mashigin ruwan nan da ya haɗa tekuna biyu. Da ya binciki gawar wani ma'aikaci da ake zaton tarin fuka ne ya kashe shi, sai ya ga wasu ƙananan halittu a cikin huhunsa da hantarsa da saifarsa. Sai a 1934 aka tabbatar cewa halittun nan wani jinsin fumfuna ne, wato dangin abin da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a wuri mai laima. Sunan wannan fumfuna Histofilasma, cutar da take haddasawa kuwa histofilasmosis.

Inda take zaune

Histofilasma tana rayuwa ne a cikin ƙasa mai danshi wadda ta jiƙa da kashin tsuntsaye ko na jemagu, kamar akurkin kaji da ɗakin tantabaru da kogon dutse da silin tsohon gini. Ta fi yawa a kwarin kogunan Ohayo da Misisifi a Amurka, inda a wasu yankuna kashi 60 zuwa 90 cikin 100 na manya sun taɓa shaƙar ta. A birnin Indiyanafolis, tsakanin 1978 da 1979, an ƙiyasta mutane fiye da 100,000 ne suka kamu. Akwai ta kuma a Kudancin Amurka da Asiya da Afirka. A 1994 masu bincike suka ba da rahoton samun nau'inta na Afirka a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambra. Wannan nau'i ya fi taɓa fata da ƙashi, amma na huhun ma akwai shi a nahiyar.

Yadda take kama huhu

Abin mamaki game da wannan fumfuna shi ne kamanninta biyu. A cikin ƙasa tana tsirowa kamar zare-zare, tana fitar da iri wanda ido ba ya iya gani. Idan aka yi shara ko haƙa ko rushe gini, irin sai ya tashi cikin ƙura, mutum ya shaƙe shi har ya isa can ƙuryar huhu. Zafin jikin ɗan'adam, wato digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, shi ne ke sa ta rikiɗa ta koma ƙwayoyi irin na yis. Fararen ƙwayoyin jini sukan haɗiye su domin su kashe su, amma sai su ci gaba da hayayyafa a cikin cikinsu. Bayan kimanin mako biyu zuwa uku garkuwar jiki takan gane abokin gaba, ta kewaye shi, ta danne shi. Wurin yakan warke ya bar ɗan tabo mai tauri wanda hoton ƙirji kan nuna bayan shekaru.

Alamomin farko

Mafi yawan waɗanda suka shaƙi irin ba sa ma sanin sun kamu. Waɗanda cutar ta nuna a jikinsu kuwa, alamomi kan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 17: zazzaɓi, busasshen tari, ciwon ƙirji, ciwon kai da kasala. Yawanci sukan lafa da kansu kafin wata guda. Tsananin ciwon ya danganta da yawan ƙurar da aka shaƙa da kuma ƙarfin garkuwar jiki. Jarirai da tsofaffi da masu cutar ƙanjamau su ne suka fi shiga haɗari, domin a jikinsu cutar kan tsallake huhu ta bazu zuwa hanta da saifa da ɓargo, kuma takan yi kisa idan ba a yi magani ba.

Kama da wane ba ta wane

A nan babbar matsalar take. Idan ciwon ya daɗe, tari da rama da gumin dare da hoton ƙirji duk sukan yi kama da na tarin fuka. A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, ana iya ɗora majiyyaci a kan maganin wata shida alhali maganin nan ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Ana gane cutar ne ta gwajin fitsari ko jini, ko ta rainon ƙwayar daga kaki a ɗakin bincike, wanda kan ɗauki makonni. Amma kafin gwaji akwai tambaya: ina majiyyacin ya je, wane aiki ya yi? Wanda ya share akurki ko ya kwashi kashin jemage don taki mako biyu kafin zazzaɓi, wajibi ne ya faɗa wa likita. Saboda irin wannan ruɗani da haɗarinta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Histofilasma cikin jerin fumfunan da ke bukatar kulawa ta musamman a 2022.

Magani da rigakafi

Ciwo mai sauƙi ba ya bukatar magani. Idan ya wuce wata guda, likita kan ba da itirakonazol na mako 6 zuwa 12, mai tsanani kuma a fara masa da amfoterisin ta jijiya a asibiti. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ƙyamar majiyyaci. Mai sharar akurki ya yayyafa ruwa kafin ya ɗauki tsintsiya, ya kuma rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau. Mai raunin garkuwar jiki kuwa, gara ya bar wa wani wannan aiki.