Wilin Babbar Mota In Ya Bugi Bakin Lambatu

Da kaka ta yi, motocin kaya ba su da hutu a Tudun Wadan Zariya. Masara daga Soba da Saminaka, rake daga Makarfi, tumatir daga fadamun Galma, duk suna bi ta tsakanin Ƙofar Doka da gadar Kubanni. Hanyoyin cikin unguwa kuwa matsattsu ne, ga lambatu na siminti a gefe. Direba ya zo shan kwana da lodi, sai ƙafar baya ta hau bakin lambatu ko kan kwalbati. A ji ƙara, yaron mota ya leƙa, ya ce ba kome. Sau da yawa kuwa akwai kome.

Mun ga ya kamata mu yi wannan bayani domin ƙungiyoyin manoma masu mota, da waɗanda 'ya'yansu ke koyon faci a bakin hanya. Gama wanda wili ke kashewa ba safai yakan zama mai motar ba, yawanci yaron da aka sa ya ba taya iska ne.

Wili shi ne ƙarfen nan da taya ke zaune a kai. A manyan motoci iri biyu muke gani. Akwai na ƙarfe guda, wanda ake sa wa taya marar tiyub. Akwai kuma tsohon yayi mai zobe, wanda har yanzu yana da yawa a ƙarƙashin gingimari da tifa: zoben ƙarfe ne yake shiga wani gurbi ya riƙe taya. Iskar tayar babbar mota takan kai fam 100, ta ƙaramar mota kuwa wajen 32 ce. In aka lissafa faɗin gefen tayar, ƙarfin da ke tura zoben nan ya kai nauyin tan masu yawa. In zobe ya lanƙwashe kaɗan bai zauna daidai a gurbinsa ba, ranar da ya kuɓuce yakan tashi kamar harsashi.

To, in mota ta bugi siminti, a fara duba tayar kanta. In gefenta ya yi ƙulu kamar ƙwai, zaren ciki ya tsinke ke nan, faci ba ya gyara shi, sai canji. Sa'an nan a zuba ruwan sabulu a inda taya ta haɗu da wili, a ga ko zai yi kumfa. Kafin a kwance noti ko ɗaya na wili mai zobe, tilas a cire ƙwayar bawul iska ta fita duka. In ƙafar tagwaye ce, a sace iskar duka biyun.

Bayan an raba taya da wili, a wanke shi a kankare tsatsa. Akwai wata tsohuwar dabara ta makanikan jirgin ƙasa: a shafa kananzir a wurin da ake shakka, a goge sarai, a shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzirin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan allin. A duba musamman tsakanin ramukan noti, nan tsaga ta fi fitowa, tun ba a motar da ake yi wa lodi fiye da kima ba.

Ƙujewa kawai ba wani abu ba ce, a bi ta da magagari a shafa fenti saboda tsatsa. Lotsawa kaɗan a leɓen wilin ƙarfe guda, mun sani masu faci suna miƙe ta da guduma. Masu ƙera wili ba su yarda da haka ba, mu ma ba mu so, amma mun san tsadar sabo. Wanda ya ga ba shi da wata hanya, to, a yi shi a sanyi ba wuta, taya tana waje, kuma kada a mai da wannan wili ƙafar gaba inda sitiyari yake. Amma wili mai tsaga, da zoben da ya karkace, da wilin alminiyom da ya lotsa, waɗannan ba su da gyara. A sayar wa 'yan gwangwan. In da hali a yanka shi tukuna, don kada ya sake dawowa kasuwa da sabon fenti.

Abin da muke so a riƙe da hannu biyu shi ne batun wuta. Kada a kuskura a yi walda, ko a gasa noti da ya ƙi kwantuwa, alhali taya tana kan wili. Mutane suna tsammani in an sace iska shi ke nan. Ba haka ba ne. Zafin ƙarfe yakan shiga roba, robar ta fara cin kanta daga ciki tana fid da wata iska mai kama wuta, daga waje ba a ganin kome. Mai walda ya gama aikinsa ya ajiye kaya, bayan 'yan mintoci, wani lokaci ma sa'o'i, tayar ta fashe. A Amurka an kafa doka a kan wili mai zobe a 1980, aka faɗaɗa ta zuwa na ƙarfe guda a 1984. Dokar ta hana walda ko gasa wilin da ya tsage ko ya lanƙwashe, ta kuma ce wili mai zobe a cikin keji za a ba shi iska.

Kejin nan ba abu mai wuya ba ne. Masu walda na Tudun Wada da Sabon Gari suna iya haɗa shi da bututun ƙarfe mai kauri, kuma masu faci uku ko huɗu na layi ɗaya za su iya yin karo-karo su mallaki guda. Inda babu, a ɗaure tayar da sarƙa mai ƙarfi a wuri biyu ko uku, a sa dogon tiyo mai kama bawul da kansa, mai ba da iska ya tsaya can gefe, ba a gaban zoben ba. A ba da iska kaɗan, a tsaya a duba ko zobe ya zauna. In bai zauna ba a sace iska a sake, kada a buga shi da guduma yana da iska a ciki. Kada kuma a haɗa zoben wani wili da wani don sun yi kama.

In an mai da ƙafa, a ɗaure noti a gicciye, ɗaya nan ɗaya can. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 150 a tsaya a sake bin su, wato wanda ya tashi daga Zariya ya duba su in ya isa Kaduna, ko kafin ya shiga Kano.