Daga ƙurar hunturu a Baure zuwa tukunyar nukiliya a Zariya: yadda ruwa ke kama gubar da ke yawo a iska

Duk wanda ya yi hunturu a Baure ya san yadda hazo ke rufe gari, ƙura ta kwanta kan rumbu da gashin ido. Ya kuma san abin da ke faruwa idan ruwan farko ya sauka: gari ya waye tas, a hango bishiyoyin da ke can wajen iyakar Nijar. Ɗigon ruwa ne ya kwaso ƙurar ya sauko da ita ƙasa. Injiniyoyin nukiliya sun daɗe da ɗaukar wannan ɗabi'a ta ruwa suka mayar da ita ɗaya daga cikin katangun ƙarshe da ke tsakanin tashar da ta yi hatsari da jama'ar da ke kewaye da ita.

Batun bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Tun shekarar 2004 akwai tukunyar nukiliya da ke aiki a arewacin Najeriya, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sunanta NIRR-1, ƙirar Sin ce, kuma tana nutse ne cikin ruwa. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, wato zafin butocin lantarki goma sha biyar. Ba ta ba da wuta. Ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma, ma'adinai da abinci. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka cire yuraniyam mai ƙarfin da za a iya haɗa makami da shi aka mayar da shi Sin. Ruwan da ke kewaye da ita yana sanyaya ta, yana kuma tare haskenta mai cutarwa daga ma'aikata. Ƙanƙantarta ta sa irin hatsarin da za a bayyana a ƙasa ba nata ba ne: tukunya ta biyu ta Fukushima ta ninka ta zafi kusan sau dubu tamanin. Amma manyan tashoshin da Najeriya ke muradi irin waɗancan ne. A 2017 gwamnati ta rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da ake dubawa.

Idan sanyaya babbar tukunya ya gagara, sandunan makamashinta na narkewa. Wasu sinadaran da ke ciki sai su zama tururi, da sun ɗan huce su dunƙule su zama ƙananan ƙwayoyi masu shawagi kamar hayaƙi. Biyu aka fi tsoro. Aidin-131 na taruwa a halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke haifar da maƙoƙo, yana kuma jawo kansa musamman ga yara. Rabin ƙarfinsa na gushewa cikin kwana 8. Siziyam-137 kuwa sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya tafi, shi ne ke hana noma da zama a ƙasa tsawon zamani.

A nau'in tashoshin da ruwa ke tafasa cikin tukunyarsu, ana gina katafaren tafki a ƙarƙashinta mai ɗauke da dubban tan na ruwa. Idan matsin tururi ya yi yawa, bututu ke kai shi ƙarƙashin ruwan, ya fito a matsayin kumfa yana hawa sama. Cikin 'yan daƙiƙoƙin wannan hawa ake yin aikin. Kowace kumfa ɗan ɗaki ce mai bangon ruwa, kuma duk ƙwayar da ta taɓa bangon ta maƙale. Manyan ƙwayoyi nauyinsu ke kai su: iskar da ke cikin kumfar tana juyawa, su kuma ba sa iya bin lanƙwasarta, sai su yi karo da bangon, ko su faɗa ƙasanta. Mafi ƙanƙanta kuwa ba sa zama wuri ɗaya, ƙwayoyin iska na ta bugunsu suna watsa su ko'ina har su ci karo da ruwa. Sannan idan tafkin na da sanyi, tururin da ke cikin kumfar na komawa ruwa a jikin bangon, yana jan ƙwayoyin tare da shi. Akwai wani sauƙi kuma: yawancin siziyam da aidin na fitowa ne a siffar gishiri mai shan laima, sai ƙwayar ta kumbura ta yi nauyi, ta fi sauƙin kamuwa.

Matsalar tana tsakiya. Ƙwayoyin da girmansu ke tsakanin kashi ɗaya cikin goma na maikiron zuwa maikiron ɗaya (kaurin gashin mutum kimanin maikiron 70 ne) ba su da nauyin da zai jefa su, ba su kuma da ƙanƙantar da za ta sa su yawo sosai. Su ne suka fi tsallakewa. Matasan da ke cewa ruwan tukunyar shisha na wanke hayaƙi su lura da wannan, domin yawancin ƙwayoyin hayaƙin taba na cikin wannan rukuni, kuma ruwan shisha bai kai kamu ɗaya ba.

Zurfi na da tasiri, domin kumfar da ta yi doguwar tafiya ta fi zubar da kayanta. Zafi ma haka: tafkin da ya kai ga tafasa ya daina mayar da tururi ruwa, ƙarfinsa ya ragu, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Dole ruwan ya karkata wajen kanwa. Idan ya yi tsami, aidin da ya kama na iya sake tashi. Iskar zenon da kirifton kuwa ruwa ba ya riƙe su, wucewa suke yi.

A tashar Three Mile Island ta Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, kusan rabin cikin tukunyar ya narke, amma aidin da ya fita waje kaɗan ne ƙwarai, domin ya narke cikin ruwan da ke ginin. A Chernobyl, ranar 26 ga Afrilu 1986, akwai tafki a ƙarƙashin tukunyar, sai dai fashewar ta tarwatsa rufin sama, guba ta tashi ba ta bi ta ruwa ba. Fukushima ta Japan, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar 11 ga Maris 2011, ta nuna fuskokin biyu. A tukunya ta ɗaya da ta uku an samu sakin matsi ta cikin tafki. A ta biyu hakan bai yiwu ba, kuma masu bincike da dama na ganin daga can ne kaso mai yawa ya tsere ta ɓarakar ginin ranar 15 ga Maris. A yammacin ranar iska ta juya arewa maso yamma, ruwan sama da dusar ƙanƙara suka sauko da siziyam kan gonakin ƙauyen Iitate, kimanin kilomita 40 daga tashar. Aikin da ruwan farko ke yi wa ƙurar Baure shi ya yi a can, kuma sai a 2017 aka bar yawancin mutanen ƙauyen su koma.

Daga nan batun ya zama na siyasa da kuɗi. Sweden ta riga kowa: tun shekarun 1980 ta wajabta wa tashoshinta matatar da iskar gaggawa za ta bi kafin ta fita, yawancinsu tankunan ruwa ne masu wannan aiki. Japan ta bi sahu bayan 2011 ga tashoshi irin na Fukushima. Hukumar da ke sa ido a Amurka kuwa ta umarci a ƙarfafa bututun sakin matsi amma ba ta tilasta sanya matata ba, duk da cewa ma'aikatanta sun ba da shawarar hakan. Kimiyyar ɗaya ce a ƙasashen uku, abin da ya bambanta shi ne wanda aka ɗora wa nauyin biya.

Tukunyar da Rosatom ke ginawa a El Dabaa ta Masar, VVER-1200, ba ta dogara da tafki irin na Fukushima ba. Tana da gini mai ruɓi biyu da na'urar feshin ruwa daga rufi, wadda ke wanke iskar ciki kamar ruwan sama. Idan Najeriya ta kai ga sayen irinta, Hukumar Sa Ido kan Nukiliya ta Ƙasa, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita za ta tantance ko feshin zai ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, da kuma ta inda matsi zai fita idan ya gaza. A ƙasar da babban layin lantarki ke durƙushewa sau da dama a shekara, tambaya ta farko ce ta fi cancanta 'yan Majalisar Tarayya su nemi amsarta a rubuce kafin a sa hannu kan bashin ginin.