Yawon ƙafa a duwatsun Keita: mata sun shuka daji, saura mai tsaro

Wanda ya bar birnin Tawa da asuba ya nufi gabas, ya ratsa Tamaske, to kafin rana ta take zai iske kansa cikin kwarin Keita, kimanin kilomita 70 daga babban birnin jiha. Mafi yawan masu bin wannan hanya fatake ne masu neman albasa, ko kuwa ma'aikatan gwamnati da aka tura rangadi. Su duka cikin mota suke wucewa, duwatsun da ke dama da hagu kuwa sai dai su hange su ta taga cikin ƙura. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa sauka su taka su da ƙafa, alhali kuwa tafiyar awa uku a kan waɗannan duwatsu ta fi rahoton ofis goma bayyana halin da ƙasar Adar take ciki.

Lokacin da ya dace da hawan shi ne lokacin ɗari, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, kuma da sassafe. Tafiyar tana farawa ne daga fadama, inda masu noman rani suke ban ruwa a fangalin albasa da tumatir, ga inuwar gawo, wanda yake fid da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Daga nan sai ƙafa ta shiga jigawa mai yashi, tsakanin karan hatsi da aka girbe. Ba a jima ba sai yashi ya ƙare, baƙin dutse mai kaifi ya fara, wanda ba ya ragawa takalmin roba ko kaɗan. Babu allo, babu alamar fenti da ke nuna hanya. Turbar da ake bi ita ce wadda awaki da mata masu ɗebo icce suka fitar.

A kan gangaren ne mai tafiya zai fara lura da wani abin da ba a gani daga mota. Itatuwan ba barkatai suka tsiro ba. Jeri-jeri suke, suna bin kwanciyar dutsen, kuma a gindin kowanne akwai rami, ko kuwa sauran alamar rami da ƙasa ta cike. Tsawon ramin kamar mita 3 ne, zurfinsa bai kai mita guda ba, an kuma gina su ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa cikin na ƙasa. A nan bagaruwa da farar ƙaya da dakwara suka kama, ciyawa ta biyo su, anza da geza da magarya suka sami wurin sake tohowa. Dajin ƙaya ne, inuwarsa ba ta da kauri, amma wanda ya san yadda wuraren nan suke a shekarar 1984 ba zai rena shi ba.

A waccan shekara ta fari da yunwa, a zamanin mulkin Janar Seyni Kountché, aka buɗe babban aikin raya karkara da kowa ya sani da sunan furojen Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarar ce kuma aka yi taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Ruwan sama a wannan yanki ba ya da yawa, to amma babbar masifar ita ce yadda yake sauka: ya zubo kan dutse tsirara, ya gangaro da ƙarfi, ya tsaga gonaki, ya kwashe ƙasa ya wuce cikin awa guda. Dabarar furojen ita ce a tare ruwan tun daga sama, da ramuka a kan gangare, da kunyoyin dutse a kan dabagi, da shingayen duwatsu cikin ragar waya a bakin koramu. Daga 1984 zuwa farkon shekarun 2000 an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an kuma farfaɗo da fiye da hekta dubu 30 na ƙasar da ta mutu.

Su wa suka yi wannan aiki? Galibinsu mata ne. Mazan Adar, kamar yadda aka sani, da an gama girbi sai su tafi bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Matan da aka bari a gida su ne suka ɗauki diga da shebur, suka yi dakon dutse a ka, da goyo a baya, ana biyansu da abincin da hukumar PAM take bayarwa. Wata mai binciken tarihi, Benedetta Rossi, ta rubuta littafi a kan Adar a 2015, inda ta nuna cewa talauci da rashin wata mafita ne suka kai da yawa daga cikin matan nan filin aikin. Ya kamata mai hutawa a inuwar bagaruwar nan ya san da haka.

Idan aka kai ƙololuwa sai ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai. Wannan shi ne dabagi. Daga bakinsa ana hangen kwarin gaba ɗaya, da koren fadama, da rumbunan ƙasa na ƙauyuka, da garken Buzaye da na Fulani suna gangarawa mashaya. Iska tana kaɗawa babu abin da ya tare ta. Tarihin Adar yana da alaƙa da irin waɗannan wurare, domin a ƙarni na 19, zamanin hare-hare, duwatsu ne mafakar talakawa, kwari kuwa wurin noma ne da ake sauka cikinsa da tsoro.

A kan dabagin ne kuma ake cin karo da kututture, da reshen da aka sassare wa awaki, da sawun jakai masu lodin icce. A wasu koramu ragar waya ta tsinke, duwatsun sun watse, ba a gyara ba. Furojen ya naɗe tabarmarsa a cikin shekarun 2000, Tawa da Tamaske da Keita kuwa sai ƙara cika suke yi, kuma har yanzu da icce mafi yawan gidaje suke dafa tuwo.

A wasu ƙasashe dajin kan dutse yana da mai tsaron da yake kwana a cikinsa. Misalin da ya fi kusa da fahimtar mutanen Adar shi ne na Habasha, ƙasar da sahabban Manzon Allah (SAW) suka yi hijirar farko zuwa cikinta. A can, a lardin Tigray, akwai wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai irin na Adar, ana ce da shi Debre Damo, wanda ruhubanawa, wato Kiristoci masu keɓe kansu domin ibada, suke zaune a kansa tun ƙarni na 6. Ba a hawansa sai da igiyar fata, tsawon kamar mita 15. A tsaunukan arewacin ƙasar, inda noma da kiwo suka cinye daji tun da daɗewa, sauran tsofaffin itatuwan da suka rage suna kewaye ne da majami'u da gidajen ruhubanawa, dubbai daga cikinsu, kowanne kamar tsibiri kore a tsakiyar gonaki. A bakin tafkin Tana, a wurin da ake kira Zege, baƙi suna sauka daga jirgin ruwa su bi turba cikin kurmi, ƙarƙashin manyan itatuwa da bishiyoyin kofi, har su isa tsohon gidan ibada na Ura Kidane Mehret. Mutanen wurin suna samun na cefane ta hanyar yi wa baƙi jagora da sayar musu da kayan hannu. Babu wani furoje da ya dasa wannan kurmi. Abin da ya tsare shi shi ne akwai masu shi a wurin dare da rana, kuma jama'a suna jin nauyin ɗaga gatari a cikinsa.

Adar ma ta taɓa sanin irin wannan tsaro, ta hanyarta. A wurin Azna, ma'abota addinin gargajiya, daji ba na kowa ba ne da zai shiga yadda ya ga dama. Akwai duwatsu da itatuwa, musamman tsamiya da kuka, da ake ɗauka mazaunin iskoki ne, ba a sara ba a ƙonawa. Akwai kuma buɗin daji, bikin da sai an yi shi farauta take halatta. A Masalata, kusa da Birnin Ƙwanni, har yanzu ana taruwa kowace shekara a gindin dutse domin arwa da buɗin daji. Musulunci ya game ƙasar, tsoron iskoki ya ragu, kuma babu mai kiran a koma ga tsafi. Sai dai wurin da wancan hani ya bari ba a cike shi da wani abu mai ƙarfinsa ba, ko da yake malamai sun san falalar da addini ya ba mai dasa itace, kuma huɗubar Juma'a ta fi takardar gwamnati isa kunnen mai gatari.

Dokoki kam akwai su. An kafa dokar kasuwannin icce na karkara a 1992, da kundin dokokin karkara a 1993, da sabuwar dokar daji a 2004, shekarar da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Kowace ranar 3 ga watan Agusta ana dasa itatuwa da kiɗa da jawabi. Amma ma'aikacin gandun daji guda a kan babur ba zai iya tsare duwatsun da suka fi ƙarfin tafiyar yini ba, kuma matar da ta gina ramin da hannunta ba ta da wata takarda da ta ce itacen nata ne. A kwarin Majiya, wajen Buza, inda aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975, sai da aka zauna aka tsara wanda zai sassabe da yadda za a raba iccen. Duwatsun Keita suna bukatar irin wannan zama, tsakanin magadan gari da sarakuna da makiyaya da matan ƙauyuka.

Mai niyyar hawa ya fara gaida mai gari, ya nemi yaron da ya san turba, ya biya shi hakkinsa. Ya ɗauki ruwa isasshe da takalmi mai kauri, ya kuma tambayi hukuma halin tsaro kafin ya tashi, domin arewacin jihar ya ga tashin hankali a shekarun nan, musamman kashe-kashen Tillia na watan Maris 2021. Ya yi ƙoƙari ya sauko kafin azahar, saboda da rana ta take baƙin dutsen nan zafi yake ɗauka kamar tanda.